Kurkuɗu: Halittarsa da Yadda Yake Farauta

Duk wanda ya tashi a karkara, kamar Daudawa ta ƙasar Faskari, ko Ƙanƙara da Sabuwa, ya san waɗansu 'yan ramuka masu siffar mazurari da ake gani cikin lallausan rairayi a gindin katanga ko ƙarƙashin rumbu, musamman da rani. Mai waɗannan ramuka shi ne kurkuɗu. Yara sun saba tono shi don wasa, amma kaɗan ne suka san cewa abin da suke tonowa jariri ne, bai kai ga cikar halittarsa ba.

Masana ilmin ƙwari sun sanya shi cikin dangin Myrmeleontidae, wanda ya ƙunshi iri wajen 2,000 a duniya, akasarinsu a ƙasashe masu zafi da rairayi. Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa kuwa zakin tururuwa. Tun a 1742 wani masani Bafaranshe, Réaumur, ya yi bayanin rayuwarsa dalla-dalla, sannan Linnaeus ya raɗa wa jinsin suna Myrmeleon a 1767.

Rayuwarsa hawa huɗu ce: ƙwai, tsutsa, kwanci cikin kurtu, sannan babba mai fiffike. Uwa takan saka ƙwai cikin busasshiyar ƙasa. Tsutsar, watau kurkuɗun da aka sani, takan yi shekara ɗaya zuwa uku gwargwadon abincin da ta samu, tana saɓa a tsakani. Daga nan sai ta saƙa wani ɗan dunƙulallen gida da zaren jikinta haɗe da rairayi, ta kwanta kimanin wata guda. Abin da ke fitowa ƙwaro ne mai fikafikai huɗu, kama da mazari, sai dai ƙahonninsa na ji sun fi tsawo, kuma da dare yake tashi.

Abin mamaki shi ne ginin ramin. Da baya kurkuɗu yake tafiya, yana kewayawa daga gefe zuwa tsakiya, yana watsar da ƙasa waje da kansa. Yakan bar bangon ramin daidai gangaren da rairayi ke iya tsayawa bai zube ba, wato ɗigiri talatin da 'yan kai. Sai ya binne jikinsa a ƙasan ramin, ya bar muƙamuƙansa kawai. Da zarar cinnaka ko kiyashi ya tako baki, girgizar ƙasa za ta sanar da shi. In abin ya nemi hawa, sai ya riƙa jifa da rairayi har bangon ya rufto da shi. Ba ya tauna. Dafi yake zuba wa abin da ya kama, cikinsa ya narke, ya tsotse ruwan, ya jefar da ƙwanson waje. Har ila yau, tsutsar ba ta yin kashi ko kaɗan, sai bayan ta zama babba take fitar da abin da ta tara. Ba dukan dangin ke gina rami ba: manyan nan na jinsin Palpares, da suka yawaita a Afirka, laɓewa kawai suke yi cikin rairayi.

Akwai darasi a nan ga ɗalibai da malaman gona. Daudawa ta daɗe da suna wajen noman auduga, amfanin da ake yawan yi wa feshi. Kurkuɗu kuwa ba ya cin ganye, ba ya taɓa saiwa, ba ya ɓata hatsi. Ƙwari ne abincinsa. Magani mai kashe kowane irin ƙwaro ba ya bambanta maɓarnaci da mai cin maɓarnaci. Saboda haka wajibi ne mai ba manomi shawara ya fara sanin wane ƙwaro ne abokin gaba, wane ne mataimaki, kafin ya ce a ɗauko famfon feshi.