Lambar Wayarka Ba Ta Cikin Kuɗin Sabulu

Ran Asabar na shiga wani kanti a Fadaman Mada garin sayen sabulu. Sa'ad da na miƙa kuɗi, sai yaron kanti ya ce, "Malam, lambar wayarka." Na ce, "Ta mene ne?" Ya ce haka maigidansa ya umarta. Na ƙi, ya kuwa ba ni sabuluna.

Ga dalilina. Tun Disamba 2020 Gwamnati ta sa a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN. Ta wannan layi kuma banki ya ke aiko da labarin kuɗinka. Kadan lambar ta faɗa hannun mazambaci, sai ya kira ka, ya ce shi ma'aikacin banki ne, ya nemi lambar sirrinka.

Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce kada a karɓi bayanin mutum sai da dalili bayyananne, kada kuma a wuce bukata. Mai kawo maka kaya gida lalle yana bukatar lambarka, amma ban da mai sayar da sabulu.

'Yan'uwana malaman gobe, mu koya wa yara su riƙa tambaya, "Me za a yi da ita?" Gama matambayi ba ya ɓata.