Yadda A Ke Tsara Layin Saƙonni a Intanet

Duk mai son shiga intanet sai ya bi ta hannun wani kamfani, ya riƙa biyansa kuɗi. Aikin kamfanin nan kamar na gidan waya ne, watau ya karɓi saƙo ya kai inda aka aike shi. Amma saƙon ba ya tafiya ɗungum. Kwamfuta ta kan yanyanka shi ƙanana ƙanana, kowane yanki a kan ce da shi ƙunshi. Galibi ƙunshi guda ba ya ɗaukar fiye da harufa 1,500, a kansa kuwa akwai adireshin mai aikowa da na mai karɓa.

A kowace mararrabar wayoyi akwai na'ura mai duba adireshi, ta nuna wa ƙunshi hanya. In hanya ta cika, kamar da almuru sa'ad da kowa ya ke kallon fim, sai saƙonni su yi layi. In layin ya yi tsawo har wuri ya ƙare, sai na'ura ta zubar da waɗansu, a sake aiko su.

To, ba kowane saƙo ne ya ke jure jira ba. Wasiƙa ko ta makara minti guda, ba wanda zai kula. Amma mutum biyu masu magana da juna, in murya ta yi jinkirin rabin daƙiƙa, sai su yi ta katse juna. Saboda haka a 1998 masana suka shirya wata alama da a ke sa wa ƙunshi, wadda ta ke nuna irin gaggawarsa, don na'ura ta fara sallamar murya, sa'an nan wasiƙa. Har wa yau kamfani ya kan tace saƙonni, ya tsare masu adireshin ƙarya da waɗanda ɓarayi su ke turowa don su toshe hanya.

Wannan duka ba a cika gardama a kansa ba. Inda rigima ta ke shi ne, da wane ma'auni za a tsara layin? A 2007 aka gane cewa kamfanin Comcast na Amurka yana katse masu aika wa juna manyan fayiloli ta BitTorrent. Ya kan tura wa kowannensu ƙunshin jabu, kamar abokinsa ne ya ce a tsaya. A 2008 hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta ce ya yi laifi, amma a 2010 kotu ta ce hukumar ba ta da ikon hana shi. Daga nan aka yi ta kai da kawowa. An kafa dokar hana nuna bambanci a 2015, aka soke ta a 2017, aka maido ta a 2024, kotu ta rushe ta a Janairu 2025.

Tarayyar Turai kuwa ta yi tata doka a 2015. Ta yarda kamfani ya tsara layi bisa ga bukatar irin saƙon, ta hana shi yin haka don neman riba. Watau murya tana iya wuce wasiƙa, amma ba a yarda a jinkirta muryar wani don abokin hamayyarsa ya fi shi biyan kuɗi ba.