Me Ya Sa Turawa Suka Riƙa Hawa Tudun Jos Shan Iska?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Tambuwal, da wani daga Kebbe, duk a Jihar Sakkwato, suna so a ba su tarihin masaukin nan na Jos da ake kira Hill Station, da dalilin gina shi.

AMSA: To, malamai, ku da kuka san zafin bazarar Tambuwal ba sai an yi muku dogon bayani ba. Baturen mulkin mallaka abu biyu ke kayar da shi a ƙasarmu, zafi da zazzaɓin cizon sauro. Dabarar guje musu kuwa daga Indiya Ingilishi suka zo da ita, inda tun 1864 gwamnati ke kwashe komatsanta ta hau dutsen Simla in zafi ya tsananta.

Jos tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200. Amma fa ba iska ce ta fara kai Bature can ba, kuza ce. A 1903, shekarar da aka ci Sakkwato da yaƙi, ma'aikatan Kamfanin Neja suna ta neman inda ake haƙo ta, har suka kafa sansani a Naraguta. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya isa Bukuru a 1914. Da gari ya bunƙasa, sai aka gina Hill Station a 1938, inda Razdan ko Di'o zai je ya huta, ya ci dankalin Turawa da kayan lambu kamar yana gida.

Sai dai sanyin da ya zame wa Bature magani, ga talaka azaba ya zama. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai aka ɗora wa sarakunan Arewa su kawo lebura ko ta halin ƙaƙa. Wannan shi ne diban gwamna. An kwashi manoma dubbai, yawancinsu ba bargo, ba isasshen abinci, ana haƙa cikin ruwa da laka. Da yawa ciwon haƙarƙari ya kashe su, wasu suka gudu gida a ƙasa. Sai a 1944 aka daina.

Ƙaramin layin dogon kuwa an rufe shi a 1957.