Tseren Otokuros A Amurka: Yadda Sabon Shiga Ke Farawa Da Inda Kuɗinsa Ke Tafiya

A ƙasar Amurka, a mafi yawan ranakun Asabar da Lahadi na watannin da babu ƙanƙara, akan ga filayen ajiye motoci na manyan wuraren wasanni da tsofaffin filayen jiragen sama sun cika da jama'a tun da sanyin safiya. Abin da ke tara su shi ne wani nau'in tseren mota da ake kira otokuros, wanda ake ɗauka a matsayin ƙofa mafi araha ta shiga wasannin motoci, domin kuwa mutum yana iya yinsa da motar da yake zuwa aiki da ita. Sai dai arahar tana bakin ƙofa ne kawai. Da zarar sha'awa ta kama sabon shiga, 'yan kasuwar tayoyi da kayan gyara suna nan suna jiransa, kuma da yawa sun kashe dubban daloli a kan mota kafin su gane cewa gyaran da aka fi buƙata yana ga direba.

Yadda Wasan Yake

Akan shata hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe a kan kwalta ko kankare, ta hanyar jera alamomin roba masu siffar mazurari. Motoci ba sa tashi tare kamar yadda ake yi a sukuwar dawaki. Ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu, kowa yana fafatawa da agogo, kuma na'ura ce ke auna lokaci har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Zagaye guda yakan ɗauki kimanin minti ɗaya, sau da yawa ma bai kai ba, kuma saboda yawan kwana, gudun ba kasafai yake wuce na babbar hanya ba. Yawancin direbobi da sun sa giya ta biyu ba sa sake taɓa ta har su fita.

Babbar ƙungiyar da ke shirya wasan ita ce SCCA, wato ƙungiyar masu motocin wasa ta Amurka, wadda aka kafa a 1944, take kuma da hedkwata a Topeka ta jihar Kansas da rassa fiye da 100. A wurinta sunan wasan Solo. A ƙa'idarta, duk mazurarin da direba ya ture za a ƙara masa daƙiƙa 2 a kan lokacinsa, wanda kuma ya ɓace hanya ya tsallake wata ƙofa, wannan zagayen ya tashi a banza. Tun 1973 ƙungiyar ta soma gudanar da gasar ƙasa baki ɗaya, wadda daga 2009 ta koma filin jirgin sama na Lincoln a jihar Nebraska, inda direbobi fiye da dubu kan hallara a watan Satumba.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa a ƙasashen Turai kalmar otokuros tana nufin tsere a kan turɓaya ko ciyawa. Abin da ya yi kama da na Amurka shi ne wanda ake kira otosolo a Ingila, da kuma jimkana a Japan.

Abin Da Ranar Farko Ke Ci

Kayan da ake buƙata a ranar farko ba su taka kara sun karya ba: lasin tuƙi, mota mai lafiya, hular kwano, da kuɗin shiga wanda a wasannin rassa galibi bai kai dala 100 ba. Wanda ba ɗan ƙungiya ba yana iya sayen rajistar ƙarshen mako kawai. Rassa da yawa suna ba sababbi aron hula, don haka babu dalilin gaggawar saye. Idan kuma za a saya, sai a duba tana ɗauke da tambarin ingancin da dokar wasa ta amince da shi, kamar na gidauniyar Snell, wadda aka kafa a 1957 bayan mutuwar wani direban tsere mai wannan suna.

Kafin a bar mota ta shiga fili sai an duba ta. Masu dubawa kan tabbatar batir yana ɗaure, birki yana kamawa, totur yana komawa da kansa, ƙafafu ba sa lilo, mai ba ya zuba, an kuma kwashe duk wani tarkace daga cikin mota da but, har da shimfiɗar ƙafa. Motoci masu tsayi da ƙunci, irin wasu jif-jif da a-kori-kura, ba a yarda da su saboda haɗarin kifewa.

Daga nan sai tattaki. Ba a yarda a gwada hanya da mota ba, don haka kowa da ƙafa yake zagaya ta, sau biyu ko uku, yana haddace kwanonin. Akan ware wani gogaggen direba ya zagaya da sababbi yana yi musu bayani, kuma wanda ya raina wannan darasi na kyauta shi ne yawanci kan ɓace a tsakiyar mazurarai.

Sirrin arahar wasan yana cikin tsarin aikinsa. Babu ma'aikatan haya masu yawa, domin direbobin su ne ma'aikata. Yayin da rukuni ɗaya ke tsere, wani rukunin yana tsaye a rana yana tayar da mazuraran da aka ture, yana ɗaga tuta, yana rubuta sakamako. Gayya ce irin ta noma. Amma mai lissafi zai lura da wani abu. Idan alal misali mutum ya biya dala 50 ya samu zagaye 5 na minti ɗaya-ɗaya, to kowane minti na tuƙi ya tsaya masa dala 10, ban da yini guda da ya bayar. Ƙarancin lokacin tuƙin nan shi ya sa ƙwarewa ke da tsada a wannan wasa.

Azuzuwa Da Tarkon Gyara

Domin kada mai kuɗi ya danne mai ƙaramin ƙarfi, an kasa motoci azuzuwa gwargwadon irinsu da yawan gyaran da aka yi musu. Matakin farko shi ne Street, wanda ya maye gurbin tsohon ajin Stock a 2014. Sama da shi akwai Street Touring, Street Prepared, Street Modified, Prepared, sai Modified, inda ake samun motocin da aka ƙera musamman don tsere.

A ajin Street abin da aka halatta ƙalilan ne. Ana iya canza tayoyi, da shokazoba, da kayan birki masu cinyewa, da matatar iska, da ƙarshen salansa, da ɗaya daga cikin sandunan ƙarfe biyu masu hana mota karkata a kwana, ko ta gaba ko ta baya. Ana iya canza wili amma faɗinsa ya kasance daidai da na asali. Sifirin da cikin inji kuwa ba a taɓa su.

A nan tarkon yake. Saurayin da ya rage wa motarsa tsayi da sababbin sifirin don ado, ko ya sa aka sauya lissafin kwamfutar inji, ya fitar da kansa daga ajin farko ba tare da ya sani ba. Zai tsinci kansa a aji na sama, yana karawa da motocin da masu su suka cika kowane gyara da doka ta halatta, alhali shi guda ɗaya ya yi. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. Saboda haka ƙa'ida ta farko ita ce a karanta littafin dokokin ƙungiya, wanda ake sabuntawa kowace shekara, a zaɓi aji, sannan a sayi abin da ajin ya yarda da shi.

Taya Kafin Inji

Masana tattalin arziki suna da ƙa'idar da ke cewa kowane ƙarin jari da aka zuba a abu ɗaya, amfaninsa yakan ragu a kan na wanda ya gabace shi. Wannan ƙa'ida tana bayyana ƙarara a otokuros. Tazarar da ke tsakanin sabon shiga da gwani a cikin mota ɗaya takan kai daƙiƙoƙi da dama, alhali gyara mai tsada sau da yawa ɓangaren daƙiƙa kawai yake ragewa, kuma mazurari guda da aka ture ya isa ya cinye ribar gyaran gaba ɗaya. Don haka shawarar da gogaggu suka fi bayarwa ita ce a yi kakar farko da mota yadda take, a kashe kuɗin a kan yawan halarta da makarantar tuƙi, irin shirin Starting Line na SCCA, a kuma roƙi gwani ya zauna a gefe, ko ma ya karɓi sitiyari don a ga abin da motar ke iyawa.

Abin da ake koyo kuwa a bayyane yake: kallon nesa maimakon mazurarin da ke gaban hanci, juya sitiyari da taka birki cikin natsuwa, da shiga kwana a hankali don a fita da ƙarfi. Sabon shiga yakan afka wa kwana da gudu, tayoyin gaba su ƙi bin umarni, motar ta miƙe, sai ya ɗora laifin a kan shokazoba.

Idan lokacin kashe kuɗi ya yi, akwai jeri. Na farko kula da lafiyar mota: sabon man birki, baƙin mai, da maye gurbin robobin ƙafa da suka mutu. Na biyu gejin iska da guntun alli. Akan shafa allin a kafaɗar taya don a ga iya inda take kwantawa a kwana, sai a ƙara iska ko a rage. Na uku, kuma mafi girma, tayoyi. Duk ƙarfin inji da birki yana isa ƙasa ne ta wurare huɗu, kowanne bai fi tafin hannu da yawa ba. Dokar ajin Street ta tanadi taya mai lambar jure ci 200 ko sama da haka, abin da ya haifar da gasa tsakanin kamfanoni wajen ƙera taya mai wannan lamba amma mai damƙo kamar ta tsere, irin su Bridgestone Potenza RE-71RS, Yokohama Advan A052 da Falken Azenis RT660. Kamfanonin ne da kansu ke sa lambar, don haka ba alkawari ba ce cewa tayar za ta daɗe. Na huɗu daidaita ƙafafu, inda akan ɗan karkatar da saman taya ciki don ta zauna daram a kwana. Bayan nan sai sandar hana karkata da shokazoba. Ƙarin ƙarfin inji shi ne na ƙarshe, domin a hanyar da babu dogon miƙe, ƙarfin da taya ba za ta iya riƙewa ba hayaƙi ne kawai. Kuma a riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, don a san wanda ya yi aiki.

Kasuwar Da Ke Bayan Wasan

Ƙungiyar masu kayan ƙawata motoci da ƙara musu ƙarfi ta Amurka, SEMA, wadda aka kafa a 1963 take kuma shirya baje koli a Las Vegas, ta ƙiyasta cewa a 2023 Amurkawa sun kashe fiye da dala biliyan 52 a kan irin waɗannan kaya. Otokuros ƙaramin yanki ne na wannan kasuwa, amma yana da tasiri, domin a nan ake gwada kaya a idon jama'a, agogo kuma ba ya son kai. Wannan ne ya sa dillalin tayoyi Tire Rack ya ɗauki shekaru yana ɗaukar nauyin gasar ƙasa, kamfanonin motoci da na tayoyi kuma suke ba da ladan kuɗi ko kaya ga wanda ya yi nasara da hajarsu, muddin ya manna tambarinsu a jikin mota.

Wasan yana kuma riƙe darajar wasu tsofaffin motoci. Mazda MX-5 Miata, wadda ta fito a 1989 aka kuma ƙera ta miliyan ɗaya a 2016, ta zama abar so saboda rashin nauyi da yalwar kayan gyara. Haka nan Honda Civic, da tagwayen nan Subaru BRZ da Scion FR-S, waɗanda SCCA ta ware musu aji na musamman inda kowa ke amfani da kaya iri ɗaya, don a rage tseren aljihu.

Inshora, Garanti Da Doka

Akwai asarar da ba ta fitowa a rasit. Yawancin takardun inshorar mota a Amurka sun cire gasar da ake auna lokaci daga abin da suke biya, don haka wanda ya yi karo da turken fitila shi zai ɗauki nauyinsa, sai fa in ya sayi inshora ta musamman. Game da garanti, dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke shi don kawai an sa kayan wani kamfani, amma yana da ikon ƙin gyara idan kayan ne suka jawo lalacewar, kuma takardun garanti da yawa sun cire ɓarnar da tsere ya haifar. Cire na'urar tace hayaƙi daga motar da ke hawa titi kuwa laifi ne a dokar tsabtar iska ta ƙasar. Bugu da ƙari, kuɗin da aka zuba a gyara ba kasafai yake dawowa ba ranar sayarwa, shi ya sa masu dabara ke adana kayan asali don mayarwa.

Wannan batu ya shafi 'yan kasuwarmu masu shigo da motocin tokumbo daga Amurka. Motar da aka rage wa tsayi, ko aka sa mata shokazoba mai tauri da taya mai laushi, an shirya ta ne don shimfiɗaɗɗen kankare, kuma ba za ta ji daɗin ramukan hanyoyinmu ba, ga shi samun madadin kayanta a Ladipo ko Ƙofar Ruwa zai yi wuya. Yana da kyau dillali ya sa a leƙa ƙarƙashin mota, a duba kafaɗun tayoyi da salansa, kafin ya biya.

Ga mai niyyar shiga wasan kuwa, lissafin a taƙaice yake: shekara guda ta koyo da motar da ke hannu, sannan saitin tayoyi masu kyau, sannan sauran gyara gwargwadon aji da aljihu. Masu iya magana sun ce daidai ruwa daidai tsaki.