Abin da ke sa kuɗin da aka tura maƙalewa, da yadda injiniyoyi ke gano matsalar

A mayankar Oko-Oba da ke Agege a jihar Legas, ba baƙon abu ba ne a gama cinikin sa, a yi sallama, amma kuɗin da aka tura ya ƙi shiga. Lamarin ya fi tsananta a watan Fabrairun 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, jama'a suka koma tura kuɗi ta waya.

"Babu netwok" ake cewa, alhali sau da yawa layin waya lafiyarsa lau. Cikas ɗin na iya tasowa daga sabar da ke ɗauke da rumbun bayanan asusu.

Sabar tana da ma'aji biyu: ƙwaƙwalwar wucin-gadi da ake kira RAM, da faifan ajiya. Ta farko tamkar teburin ɗan kasuwa ce, na biyu kuwa sito ne a bayan kasuwa. Idan teburin ya cika, sai na'urar ta riƙa jigilar bayanai zuwa faifai tana dawo da su, kuma ɗauko bayani daga faifai mai juyawa ya fi na RAM jinkiri sau dubbai.

Shi ya sa injiniya kan fara da umarnin vmstat a tsarin Linux. In ya ga jigilar ba ta tsayawa, ƙwaƙwalwa ce ta gaza. A nan ne sababbin hannu ke ruɗewa, domin cikar RAM kaɗai ba cuta ba ce. Da gangan tsarin ke adana bayanai a sararin da ya rage.

Daga nan sai iostat, mai nuna tsawon jiran da kowace buƙata ke yi a faifai. Faifan da ke juyawa sau 7,200 a minti ba ya wuce kimanin aiki 100 a daƙiƙa idan bayanan a warwatse suke, yayin da SSD ke yin dubbai.

Sai dai sayen sabon faifai ba kullum ne magani ba. Tambaya guda da aka rubuta ba tare da fihirisa ba tana iya tilasta wa rumbun karanta miliyoyin layuka don nemo asusu ɗaya, sauran buƙatu na jere a bayanta, har wa'adin da na'urar POS ke jira ya ƙare.