Dawowar Ƙiba Duk da Motsa Jiki

Daga cikin abubuwan da suka fi karya gwiwar masu fama da ƙiba akwai yadda nauyin da aka zubar da wahala yake lallaɓowa ya dawo, alhali mutum bai daina fita sassarfa bayan sallar asuba ba, bai kuma yi watsi da atisayen da ya saba ba. Abin ba ya aukuwa a dare ɗaya. Rabin kilo ne a wannan wata, wani rabin bayan wata biyu, har ranar da wandon da ya yi yawa bara zai fara matse ƙugu, a hau sikeli a tarar an kusa komawa gidan jiya. Wasu kan ɗauki wannan a matsayin shaidar ragwanci, wasu kuma su yanke hukunci cewa motsa jiki wahalar banza ce, fahimtocin biyu kuwa sun saɓa wa abin da binciken shekaru talatin ɗin nan ya nuna game da yadda jikin ɗan Adam yake kare kitsen da ya tara.

Ana auna kuzarin da abinci ke bayarwa, da wanda jiki ke ƙonawa, da wani ma'auni da ake kira kalori. Kaso mafi tsoka na abin da baligi ke ƙonawa a yini, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, yana tafiya ne wajen ayyukan da ba a gani, kamar bugun zuciya da numfashi da aikin ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, ko da mutum ya yini a kwance. Wajen kashi 10 yana tafiya wajen narkar da abinci, ragowar ne kawai rabon motsi, atisaye kuma wani yanki ne na wannan ragowar. Mutum mai nauyin kilo 70 da ya yi tafiya da sauri ta rabin awa yakan ƙona kalori wajen 150, adadin da bai wuce abin da ke cikin ƙaramar kwalbar lemo guda ba, cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kuwa yana ɗauke da kusan 120. Saboda haka gumin da aka zubar da safe yana iya komawa cikin minti biyu a teburin mai shayi.

Ko wannan ɗan abin da atisaye ke ƙonawa ma, jiki ba ya barinsa ya tafi duka. A shekarar 2012 wani masani ɗan Amurka mai suna Herman Pontzer da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon awon da suka yi wa 'yan ƙabilar Hadza na arewacin Tanzaniya, mutanen da ke rayuwa da farauta da haƙar saiwoyi da ɗiban zuma, waɗanda mazansu kan taka fiye da kilomita 10 a yini. An yi zaton za a same su suna ƙona kuzari fiye da mazauna biranen Turai da Amurka nesa ba kusa ba, amma da aka yi la'akari da girman jiki sai aka ga bambancin bai taka kara ya karya ba. Bayanin da Pontzer ya bayar shi ne cewa jiki yana tafiyar da kuzarinsa kamar magidancin da albashinsa bai ƙaru ba, wanda idan kuɗin makaranta ya tashi sai ya rage na cefane: da zarar motsi ya yawaita, sai a tsuke abin da ake kashewa a wasu ayyukan cikin jiki. Wani nazari na 2021 da ya duba baligai 1,754 ya ƙiyasta wannan ragi da kusan kashi 28 cikin ɗari, wato daga kowace kalori 100 da aka ƙona a motsi, 72 ne kawai suke fita da gaske, ga masu ƙiba sosai kuma ragin yana iya kaiwa kusan rabi. Masana suna ci gaba da muhawara kan girman wannan tsukewa, amma akwai wani ɓangarenta da kowa zai iya lura da shi a kansa, domin wanda ya yi gudun awa guda da safe yakan fi son zama sauran yinin, ya hau babur zuwa inda da zai taka da ƙafa.

Ga wanda ya riga ya rage nauyi, lissafin yana ƙara tsananta, domin ƙaramin jiki yana buƙatar kuzari ƙasa da babba, har wajen ɗaukar kansa a hanyar da ya saba bi. Misali mafi shahara shi ne na waɗanda suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka mai suna The Biggest Loser a 2009. Kevin Hall, na Cibiyoyin Binciken Lafiya na ƙasar, ya bi diddigin mutum 14 daga cikinsu, waɗanda a matsakaici kowannensu ya zubar da kilo 58 cikin makonni 30. Bayan shekara shida, a sakamakon da aka wallafa a 2016, kilo 41 sun dawo, 13 daga cikin 14 sun ƙara nauyi, kuzarin da jikinsu ke ƙonawa a lokacin hutu kuma yana ƙasa da abin da ya dace da girmansu da kusan kalori 500 a yini. Ya kamata a lura cewa wannan rama ce ta fitar hankali, wadda aka yi da yunwa da atisayen sa'o'i da yawa, kuma ga wanda ya rage kilo biyar ko goma a hankali raguwar ba ta kai ko kusa da haka ba.

Babban abin da ke dawo da nauyi yana can wani wurin, wato a yunwa. Kitse yana fitar da wani sinadari mai kai saƙo ta cikin jini, irin waɗanda ake kira homon, mai suna leptin, wanda Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano a 1994. Aikinsa shi ne sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke jiki, idan kitse ya ragu sai shi ma ya ragu, ƙwaƙwalwa ta fassara hakan da cewa fari ya shigo. Tumbi kuma yana fitar da wani mai suna girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999, shi ne ke tayar da sha'awar abinci. Wani bincike na Jami'ar Melbon a Ostireliya, wanda ya fito a 2011, ya ɗora mutum 50 a kan tsauraran matakan rage abinci na makonni goma, sannan aka sake auna su bayan shekara guda, aka tarar har a lokacin leptin yana ƙasa, girelin yana sama, mutanen kuma suna jin yunwa fiye da kafin su fara. Hall da abokan aikinsa sun yi ƙiyasin da ya fi bayyana lamarin a 2016: duk kilo ɗaya da aka zubar yana rage abin da jiki ke ƙonawa da kalori 20 zuwa 30 a yini, amma yana ƙara sha'awar ci da kusan 100. Wanda ya zubar da kilo biyar ke nan yana yawo da ƙarin buƙatar da ta kai faranti guda na abinci a kullum, wadda yake dannewa da ƙoƙari a farko, sannan ya riƙa sassauta mata kaɗan-kaɗan ba tare da ya ankara ba.

Rashin ankarar nan ita ce ta sa mutum zai rantse bai canja komai a cimarsa ba, kuma ba ƙarya yake yi ba. A wani nazari da aka yi a Niyok a 1992 an auna wasu mutane goma da suka ce nauyinsu ya ƙi sauka duk da ƙarancin abin da suke ci, sai aka gano sun rage lissafin abincinsu da kashi 47 cikin ɗari, sun kuma kambama motsinsu da kashi 51. Agogunan hannu masu ƙirga kalori ba su warware matsalar ba, domin gwajin da Jami'ar Stanford ta yi wa guda bakwai a 2017 ya nuna wanda ya fi daidaito a cikinsu yana kuskure da kashi 27 cikin ɗari. Abubuwan da ke zamewa daga lissafi kuwa ƙanana ne: malmalar tuwo da ta ɗan ƙara girma, man da aka kwarara a kan wake da shinkafa, ƙosai biyu da aka ɗauka a hanya, madarar gwangwani da sukari cokali uku a shayi, zoɓo ko kunun aya da aka zaƙaƙa. Sai kuma lokutan buki. Wani bincike a Amurka a 2000 ya nuna baligai kan ƙara ƙasa da rabin kilo a makonnin bukukuwan ƙarshen shekara, adadin da ba shi da yawa, sai dai ba ya sauka bayan buki ya wuce, ya zauna ya jira na baɗi. Naman layya da cincin da soye-soyen buɗa-baki suna iya yin wannan aikin.

Shekaru, waɗanda aka fi ɗora wa laifi, ba su da hannu kamar yadda ake zato. Wani gagarumin nazari na 2021 da ya haɗa awon mutane fiye da 6,400 daga ƙasashe 29 ya nuna cewa ƙarfin ƙona kuzari yana tsayawa daram daga shekara 20 zuwa 60, sai bayan nan yake sauka da ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari a shekara. Abin da ke canjawa a tsakiyar rayuwa yawanci shi ne yawan zama da raguwar tsoka da ƙarancin barci. Akwai dai dalilan da na asibiti ne, waɗanda bai kamata a yi sakaci da su ba. Raunin tayirod, wato halittar da ke gaban wuya wadda kumburinta ake kira maƙoƙo, yana kawo ƙarin nauyi tare da kasala da jin sanyi. Magunguna irin su firednisolon da deksametason da insulin da wasu na taɓin hankali da na farfaɗiya da allurar tazarar haihuwa ta wata uku suna iya ƙara shi. Daina al'ada kuma yana karkatar da kitse zuwa ciki. Nauyin da ya hau da sauri cikin kwanaki, tare da kumburin ƙafa ko haki, sau da yawa ruwa ne da ke taruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda ko hanta, kuma maganarsa ta likita ce cikin gaggawa.

Idan an kawar da waɗannan, hanya mafi inganci ita ce a tari nauyin tun yana ƙarami. A Amurka akwai wani kundin rajista da Rena Wing da James Hill suka kafa a 1994, wanda ya tattara mutane fiye da 10,000 da suka zubar da aƙalla kilo 13 suka kuma riƙe hakan shekara guda ko fiye. Kusan kashi uku cikin huɗu nasu suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako, mafi yawansu kuma suna motsa jiki wajen awa guda a kullum. Awon yana da amfani ne idan an yi shi da safe kafin karin kumallo, a kan sikeli ɗaya, aka kuma dubi alkiblar makonni, domin gishiri da ruwa da al'adar mata suna iya motsa allurar sikelin da kilo ɗaya ko biyu tsakanin yau da gobe. Mai hikima yakan sa wa kansa iyaka, misali kilo biyu sama da inda ya tsaya, da zarar an ƙetare ta sai ya koma rubuta duk abin da ya shiga bakinsa na mako biyu, domin gyaran kilo biyu aikin makonni ne, na goma kuwa aikin shekara. Igiyar awo ta tela ma tana da nata bayanin, tunda hukumar tsara ƙa'idojin lafiya ta Birtaniya ta ba da shawara a 2022 cewa zagayen ƙugu kada ya kai rabin tsayin mutum.

Tunda yunwa ce abokiyar karawa, dabarar da ta fi ɗorewa ita ce a ƙoshi da abincin da kalorinsa bai yi yawa ba, maimakon a zauna da ciki wayam ana dogaro da haƙuri. Wake da ƙwai da kifi da nono marar sukari da kwaɗon zogale ko rama suna riƙe ciki fiye da burodi da biskit da taliyar leda. Hall ya gwada wannan a 2019 a kan mutum 20 da aka ajiye a asibiti, aka ba su abincin masana'anta na mako biyu da abincin gida na mako biyu, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori wajen 500 a yini. Abin sha mai zaƙi shi ne wuri mafi sauƙin farawa, domin ba ya kashe yunwa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fi son sukarin da baligi ke sha a yini ya tsaya wajen ƙananan cokula shida. Barci ma yana cikin lissafin: a wani gwaji na Jami'ar Shikago a 2022, masu ƙiba da ke kwana ƙasa da awa shida da rabi, da aka taimaka musu suka ƙara awa ɗaya da 'yan mintuna, sun rage cin kalori wajen 270 a yini ba tare da an ce su rage ba.

Kuskure mafi tsada shi ne a yi fushi da sikeli a ajiye takalmin gudu. Ko a cikin 'yan gasar talabijin ɗin nan, waɗanda suka fi yawan motsi bayan shekara shida su ne suka fi riƙe ramarsu, atisayen ƙarfafa tsoka kuma, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi aƙalla kwana biyu a mako a kan minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici, yana kare naman jiki daga zubewa tare da kitse. Amfanin kuma ba ya ɓacewa idan nauyi ya dawo. A shirin rigakafin ciwon suga na Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2002, gyaran abinci da tafiyar minti 150 a mako sun rage kamuwa da cutar da kashi 58 cikin ɗari. Bayan shekara goma, duk da cewa daga kilo bakwai da aka zubar wajen biyu ne kawai suka rage ba su dawo ba, haɗarin yana ƙasa da kashi 34.

Ga wanda ƙibarsa ta yi tsanani ko ta haɗu da ciwon suga da hawan jini, akwai sababbin allurai irin su semagulutayid, waɗanda ke aiki a kan yunwar kanta ta hanyar kwaikwayon wani homon na hanji, sai dai suna da tsada, ba a kuma amfani da su sai da kulawar likita. Wani bincike na 2022 ya nuna waɗanda suka daina allurar sun mayar da kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar cikin shekara guda, abin da ya sa likitoci ke ɗaukar ta a matsayin magani na dogon lokaci kamar na hawan jini. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a kasuwa da kafafen sada zumunta kuwa, da yawansa ganyen sa zawo ne ko mai sa yawan fitsari, abin da yake fitarwa ruwa ne da gishirin jiki, kuma yawan shansa yana iya taɓa ƙoda da bugun zuciya.