Muhawarar Haraji da Kashe Kuɗi a Kasafin Ƙaramar Hukuma: Misali Daga Katsina

1.0 Gabatarwa

Kasafin kuɗi na kowace hukuma ɓangare biyu gare shi. Akwai kuɗin shiga, watau inda za a samo kuɗi, akwai kuma kuɗin kashewa, watau abin da za a yi da su. Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda ake muhawara a kan ɓangarorin nan biyu a ƙaramar hukuma, tare da ɗaukar Katsina a matsayin misali. Abin da ake son nunawa shi ne, ƙarfin muhawarar kasafi yana bin hanyar da kuɗin suka fito. In daga aljihun mutanen gari aka karɓo su, jama'a kan sa ido. In kuwa daga nesa aka aiko su, sai muhawara ta tsaya a kan rabo kaɗai.

2.0 Zamanin Baitulmali

Tun kafin zuwan Turawa ana karɓar kuɗin ƙasa da jangali da zakka da kuɗin karofi a ƙasar Katsina. Masu sarauta ke tarawa, su cire rabonsu, su kai saura fada. Bayan an naɗa Muhammadu Dikko Sarkin Katsina a 1906, shi da Razdan Palmer suka gwada wani sabon tsari, watau a tara rabon masarauta a asusu ɗaya, a riƙa biyan sarki da hakimai da alƙalai albashi daga ciki. Wannan shi ne Baitulmali, wanda a wajejen 1911 aka yaɗa shi zuwa sauran manyan masarautun Arewa. Da farko gwamnati ke ɗaukar rabin harajin da aka tara, En'e ta riƙe rabi.

Daga nan ne aka fara rubuta ƙiyasin kuɗi na shekara shekara. Sarki da 'yan majalisarsa da Ma'aji da Di'o su ke tattaunawa a kansa, sa'an nan ya wuce wurin Razdan. Talaka ba shi da kujera a wannan zama, amma ya san abin da ya biya, domin mai unguwa na zuwa har ƙofar gidansa, kuma sau da yawa sai ya sayar da gyaɗa ko akuya kafin ya sami takardar haraji. Saboda haka haraji ya zama babban jigon siyasar Arewa. A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo batun gyaran En'e a majalisar Kaduna, a shekarar kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda ta yi ta sukar yadda ake karɓar haraji. Gyare-gyaren da suka biyo baya, har da Dokar En'e ta 1954, su suka buɗe ƙofar shigar zaɓaɓɓun wakilai cikin majalisu.

3.0 Sauyin Hanyar Kuɗin Shiga

Abubuwa uku suka sauya wannan tsari. Na farko, gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kawar da En'e, ya raba masarautar Katsina zuwa ƙananan hukumomi a cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Na biyu, a 1979 Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya ba da sanarwar soke haraji da jangali a jihar, kamar yadda Gwamna Abubakar Rimi ya yi a Kano. Na uku, an yanka wa ƙananan hukumomi rabo daga Asusun Tarayya, wanda kuɗin man fetur suka cika. Rabon ya kasance kashi 10 cikin 100 a 1982, ya kai kashi 20 a 1992, kuma tsarin 2004 ya ba su kashi 20.60.

An kafa Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987, tana kuma da ƙananan hukumomi 34 daga cikin 774 na Nijeriya. Mafi yawan abin da suke kashewa daga rabon tarayya yake zuwa. Soke haraji ya sauke wa talaka nauyi mai yawa, wannan babu shakka. Sai dai ya kuma sassauta igiyar da ta haɗa mai biya da mai kashewa. Bahaushe ya ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to wanda bai karɓi ladan daga hannun kowa ba, da wuya a matsa masa ya yi askin.

4.0 Sassan Muhawarar

Bisa ƙa'ida, kowane sashe na ƙaramar hukuma, kamar na ayyuka da na lafiya da na noma, zai rubuta bukatunsa, Ma'aji ya harhaɗa, shugaba ya gabatar wa majalisar kansiloli, sa'an nan ƙiyasin ya bi ta hannun hukumomin jiha.

4.1 Ɓangaren Haraji

Doka mai lamba 21 ta 1998 ta lissafa kuɗaɗen da ƙaramar hukuma za ta karɓa. A cikinsu akwai kuɗin kasuwa da na shaguna, da na tashar mota, da na mayanka, da na rajistar aure da haihuwa, da na baro da amalanke, da harajin gidaje. Birni irin Katsina, mai kasuwanni da tashoshi da sababbin unguwanni a wajen ganuwa, ya fi ƙaramar hukumar ƙauye damar samun irin waɗannan kuɗi.

A nan ra'ayi biyu ke karo. Masu ra'ayi na farko suna cewa a ƙara kuɗin rumfa da na tasha don a sami abin kwashe shara da yashe magudanun ruwa kafin damina. Masu ra'ayi na biyu suna cewa irin wannan ƙari a kan mai tallar tumatir da ɗan turin baro yake faɗawa, alhali mai gidan bene da jerin shaguna bai biya komai a kan gininsa ba. Kafin a raba gardamar, ya kamata majalisa ta san abu uku: nawa aka karɓa bara, nawa ya isa asusu da rasit, wa kuma nauyin ya fi faɗawa a kansa. Sau da yawa toshe ɓarakar da ke tsakanin mai karɓa da asusu ya fi ƙarin haraji amfani.

4.2 Ɓangaren Kashewa

Kuɗin kashewa iri biyu ne, na yau da kullum kamar albashi, da na manyan ayyuka kamar gina aji ko ɗakin shan magani. Albashin ma'aikata da na malaman firamare kan lashe mafi yawa, sai a bar kansiloli suna jayayya a kan ɗan abin da ya saura, kowa na jan aiki zuwa mazaɓarsa. A irin wannan jayayya, abin da kan sha kashi shi ne kuɗin gyara. Ana son haƙa sabuwar rijiyar burtsatse domin ana ganinta, ba a son ware kuɗin gyaran guda biyar da suka lalace.

5.0 Hukuncin 2024

Sashe na 162 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda ta cikinsa rabon tarayya ke bi. An daɗe ana kuka da cewa wannan asusu ya mai da kasafin ƙaramar hukuma takarda kawai, domin abin da aka rubuta daban, abin da ya iso hannu daban. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye, kuma naɗa kwamitin riƙo a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa Tsarin Mulki. Ya kamata a lura cewa hukuncin ya yi magana ne a kan hanyar da kuɗi za su bi. Bai tanadi yadda mutanen Ƙofar Marusa ko Ƙofar Ƙaura za su san abin da aka yi da su ba.

6.0 Kammalawa

An nuna cewa a zamanin Baitulmali talaka na biya amma ba shi da kujera, daga baya kuma ya sami wakili amma kuɗin suka koma zuwa daga nesa. Ba a shawartar a maido da harajin kai. Abin da ake shawarta shi ne a manna ƙiyasin shekara da Hausa, da boko da ajami, a sakatariya da ƙofar masu unguwanni. Kowane kansila ya karanta wa mazaɓarsa shi kafin a zartar. A kuma riƙa bayyana abin da kowace kasuwa da tasha ta tara da aikin da aka yi da shi. Malaman kwalejojin ilimi ma suna da rawar takawa, domin ɗalibin da ya koyi karanta kasafi shi zai koyar da shi gobe a firamare.